Tutar da Ba ta da Gidan Igiya

Duk wanda ya taɓa bi ta lungunmu a Ƙofar Dundaye ya ji ƙarar keken ɗinkin Atika, ko da bai san mai shi ba. Matar ƙanena ce, marigayi Mamman tela. Ni ce Dodo, yayarsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan ubanmu muke zaune da ita, ƙofar ɗakina na kallon tata. Mutane na cewa bakina ya cika kaifi. To ita nata kamar an bi shi da zare an ɗinke, shi ya sa Allah ya haɗa mu gida ɗaya, ni in faɗi nawa in faɗi nata.

'Yar manoma ce daga wani ƙauye can gabas da Sakkwato, inda suke noman shinkafa a fadama, gero a tudu. Ranar da aka kawo ta ko zare ba ta iya zurawa a allura ba. Mamman ne ya zaunar da ita gaban keken ƙafa, tana tsoron abin kamar zai cije ta. Kafin a je ko'ina ta fi shi miƙe layi, abin da bai taɓa yarda da shi ba har ya koma ga Allah.

Mamman yana ɗinka riga da wando kamar kowane tela, amma abin da ya sa aka san shi tuta ce. Duk makarantar da ke kewayenmu, idan rana ta cinye mata tuta ta koma kamar tsumman goge tukunya, wurinsa ake zuwa. Kuma ba ya ɗinka ta da baki rufe. Sai ya ba ka labari ko ba ka tambaya ba. Yana ɗan firamare aka ba ƙasar nan 'yanci, aka raba musu 'yan ƙananan tutoci suka dawo gida suna kaɗawa. Na tuna ranar, ina budurwa. Babanmu ya karɓi ta Mamman ya jujjuya ta ya ce, mu Sakkwatawa za a koya wa tuta? Ai daga garin nan aka riƙa ba mutane tuta da addu'a suna tafiya da ita ƙasashensu tun Bature bai san hanya ba. Ya mayar masa da abarsa.

Mamman ya ce wani ɗalibi ne ɗan kudu, yana karatu a Ingila, ya zana ta. Kore a dama, kore a hagu, noma ke nan da albarkar ƙasa. Fari a tsakiya, zaman lafiya. Ya ce a zanen farko har da jar rana a tsakiyar farin, masu zaɓe suka ce a cire ta. Kullum in ya kawo nan sai ya tsaya da keke ya ɗaga yatsa, kamar da shi aka yi shawarar. Ni kuwa na sha gaya masa, sun cire ja daga ƙyalle, a ƙasa dai ga shi nan muna gani. Sai ya ce, "Yaya, ke bakinki ba ya faɗin alheri." Da ya rasu, keken da makarantun duka suka dawo hannun Atika. Ita ba ta ba da labari. Tana yanka, tana haɗawa, tana lanƙwasa gefe ɗaya ta yi masa gida kamar gidan zariyar wando, inda za a zura igiya a ja tuta sama. Da wannan aikin ta ciyar da gidan nan, ta aurar da 'yan mata biyu.

Ɗanta namiji ɗaya ne, Mu'azu, kuma shi ne na fari. 'Yan matan yanzu su haifi ɗan fari su ɗora shi a cinya suna kiran sunansa gaban surukai, ko a jikinsu. A wurinmu ba haka ba ne, balle mutanen ƙauyen su Atika. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a ga haƙoranta, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wani ya ɗauke shi. Ana yaye Mu'azu aka miƙo mini shi. Ni yake kira Inna, ita kuwa Adda, kamar wata yayarsa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "ɗan Yaya", ko ta ce "wancan". Na zauna da matar nan shekaru masu yawa ban taɓa jin sunan yaron a bakinta ba, kamar yadda ban taɓa jin ta ce Mamman ba. Mijinta "Malam" ne har kabari.

Kada wani ya ɗauka ba ta son sa. Ni da nake kallon ƙofarta na san tsokar da ta fi girma a miya kwanon wa take faɗawa.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, 'yan uwanta suka cika mana tsakar gida da tabarmi da yara, shinkafarsu ta nuna a fadama ba mai zuwa yanka. A shekarar Mu'azu ya ce zai shiga soja. Na zage shi, na zagi wanda ya ba shi shawara, na yi kuka har da majina. Atika tana kan keke ba ta ɗago ba. Da ya durƙusa a ƙofarta ya ce, "Adda, zan tahi," abin da ta ce kawai, "Allah shi tsare." Sai bayan ya fita na ga ta haɗa kore da kore ta manta farin.

Aka kai shi daji, can wajen inda danginta suka baro. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira wayata. Atika kuwa duk Juma'a a daidai lokacin take samun shinkafar da za ta tsince, kuma ba inda ke da haske sai bakin ƙofata. Ni kuma sai in ɗaga murya in maimaita duk abin da ya faɗa, wai don kunnena ya yi nauyi. Kunnena lafiyarsa lau.

Sai wata Juma'a waya ba ta yi ƙara ba. Na kira, aka ce ba ta shiga. Na ce dajin ne, ba sabis. Juma'a ta sake zagayowa, shiru. Atika ta zauna da farantin shinkafa har la'asar, ta tsince ta, ta sake tsince ta, sannan ta tashi. Jinina ya hau, aka kai ni asibiti aka ƙara mini ƙwayoyi, likita ya ce kada a gaya mini abin tashin hankali. Ina can ashe Alhaji Maigandi ya zo gida. Ɗan kwangila ne a unguwar Gawon Nama, shi ke kawo mata aikin makarantu da na ofisoshi. Ya ajiye mata bandir na kore da na fari a zaure, ya faɗi awo daga bayan ƙofa, ya ce aikin gaggawa ne.

Na dawo na kwanta, ina jin keke na tafiya. Amma na tsufa da ƙarar keken nan a kunnena. In yana cin ƙyalle muryarsa daban, in yana gudu haka nan daban. Wanga gudun banza yake yi. Na lallaɓa na ɗaga labulenta. Tana zaune tana taka shi, ba zare, ba ƙyalle, idonta na kan bango.

Na ce, "Keken ga naki shina jin yunwa ne? Tun safe shina tauna iska."

Ta zabura. "Ba komi, Yaya. Mai nika sa mishi."

"Da ƙahwa aka sa mai? Mi kika ɓoye bayan gado?"

Na jawo da kaina. Tutoci ne, wasu an gama, wasu an yanka ba a haɗa ba. Na warware ɗaya, ta bi tsawon ɗakin ta wuce tabarma. Ban yi boko ba, amma na san tutar makaranta ba ta kai haka. Na bi gefenta da hannu, dama da hagu, duk a ɗinke ruf, ba kafa.

"Ina gidan igiya?"

"Alhaji yac ce kar a sa."

"Wace makaranta ke ɗaga tuta ba igiya? Da miyau za su manna ta?"

Sai ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin idon Atika haka ba, ya bushe ƙamas kamar na wadda ta daɗe da mutuwa. Ta ce, "Yaya, wagga ba ta hawa sama ba ce. Ta kwanciya ce. Awon mutum ne, har da abin rufe ƙahwa."

Sai na tuna abin da muka taɓa gani a wayar maƙwabciyarmu, akwatuna jere a fili, kowane an lulluɓe shi da kore da fari, sojoji na sara musu. Na zauna a kan tutar ba da niyya ba, na yi maza na tashi kamar na zauna kan wuta.

Ta ce a hankali, "Na yi rabi kahin in gane. Tun sannan hannuna ya ƙi. Duk wadda na ɗauka sai in ga kamar ta... ta wancan ce."

Na ce ta rufe mini baki, sojoji sun cika ƙasar nan kamar fara, don me sai namu. Ina faɗa ina jin ƙarya a harshena.

Da yamma Maigandi ya yi sallama a zaure, ya zo karɓar kaya. Na ce Atika ta zauna, ni zan fita. Yana ganina ya gyara hula.

"Inna Dodo, an sallamo ki? Ya jiki?"

"Jiki na nan inda ka bar shi. Tutocin ga na wa ne?"

"Wallahi aiki anka ba ni, Inna, ban tambaya ba."

"Kai? Kai da ka san abin da ke tahwasa a tukunyar kowa a Gawon Nama? Na san uwarka tun tana tallar ƙuli, kar ka yi mini ƙarya a zauren ubana."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Ya ce wanda ya ba shi aikin ma wani ne ya ba shi, waɗanda aka saba sayowa ne suka ƙare. Ya ce an yi artabu a daji, can gabas, mota ta taka abin da aka binne a hanya. An kawo wasu a raye, an kawo wasu. Jana'iza jibi. Sai a nan ya tuna gidan wa yake tsaye. Na ga fuskarsa ta canja, ya ce, "Innalillahi. Inna, Mu'azu ba can shike ba?"

Na ce, "Sai yanzu ka tuna? Ka kawo ma uwa likkahwanin ɗanta ta ɗumka, kana tambayata jiki." Ya fita bai ƙara maganar kaya ba.

Da na juyo, Atika na tsaye bayan ƙofa, ta ji komai. Washegari da sassafe na same ta sanye da hijabi. Matar da ba ta fita sai biki ko gaisuwar mutuwa. Ta ce, "Yaya, ki raka ni." Ba ta ce ina ba, ban tambaya ba.

Muka hau napep zuwa bariki. A hanya ina ta ganin tutoci, a ƙofar makaranta, a gaban banki, a kan motar wani babba da ta wuce mu da jiniya. Wasu daga cikinsu ma ɗinkinta ne. Da ba na ko lura da su. Ran nan duk wadda na gani sai in duba ko tana da igiya.

A bakin ƙofa wani saja ya tare mu, baƙi, dogo, Hausarsa ta bariki. Ya ce, "Mama, ina zuwa?"

Atika ta buɗe baki ta rufe. Na ce ɗanmu muke nema, soja ne, yana cikin waɗanda aka kai daji.

"Wane ne sunanshi?"

Ya kalli Atika, don ita ce ta fi kama da uwa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Na ce, "Mu'azu."

"Mu'azu yana da yawa a nan, Mama." Ya dube mu ya daɗe, tsohuwa da sanda da wata da ta kasa magana. Ya shiga ɗan ɗakinsu ya yi waya, ya fito ya ce, "Waɗanda ya ji ciwo yana asibiti a ciki. Sauran yana wani wuri. Mu fara da masu rai."

Wannan maganar har gobe ina jin ta. Mu fara da masu rai. Wato akwai inda za mu ƙarasa.

Tafiyar da nisa, rana ta fara zafi. Muna isa barandar asibitin warin magani da na ƙuna ya buge ni, gwiwoyina suka ce sun gama. Na zube kan benci. Wata ma'aikaciyar jinya mai kakin soja ta fito, saja ya yi mata bayani. Ta ce mutum ɗaya zai shiga, kuma kada a daɗe. Ta ce motar ta kama wuta, da yawansu an naɗe musu fuska, wasu ba su fara magana sosai ba, ita ma yau ta karɓi aiki ba ta gama sanin su ba. "Ki tsaya a tsakiya ki kira sunansa. In yana nan zai amsa."

Atika ta juyo wurina. "Yaya, tashi ki kira shi."

Na yunƙura, ƙafa ta ƙi. Na ce bari in kira daga nan, ai taga a buɗe take. Ni Dodo, da in na ƙwala wa mai ruwa kira ana ji a lungu na uku. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na sake, haka. Tsoro ne, don na san in na kira aka yi shiru, shi ke nan. Na girgiza mata kai, hawaye na zuba.

Ta tsaya tana kallona. Sannan ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ta shiga.

Ta tagar ina hango bayanta, da gadaje jere dama da hagu, da fararen kawuna. Na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ɗan Yaya." Ba wanda ya motsa. Ma'aikaciyar ta ce, "Suna, Hajiya. Sunansa." Atika ta kama ƙarfen wani gado. Na ga kafaɗarta na hawa da sauka.

"Mu'azu."

Muryar kamar ba tata ba, sunan ya fito a karkace kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai wani daga gadon kusa ya ce, "Na'am." Zuciyata ta yi tsalle, sannan ta faɗo. Ba muryarsa ba ce. Wannan yaro ne ƙarami, harshensa na mutanen Kano. Atika ta leƙa fuskarsa ta ja da baya. Ya ce, "Ba ni ba ne ko, Mama? Yi haƙuri." Shi da ke kwance a ƙone shi ke ba ta haƙuri.

Ma'aikaciyar ta taɓa hannunta, alamar su fita, a tafi ɗaya wurin. Atika ta fizge. Ta ɗaga kai, ta yi wani kira da ban san tana da muryarsa ba, har saja ya waiwayo daga baranda.

"Mu'azu ɗan Mamman tela! Mu'azu na Ƙofar Dundaye!"

Ɗa da uba, duka biyun a numfashi ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na karanta duk abin da na iya. Sai can ƙarshen ɗaki, wajen bango, wani da aka rataye wa ƙafa ya motsa kai.

"Adda?" Muryar a dishe. "Adda, ke ce?" Sai ya fara ƙoƙarin tashi, yana fizgar robar ƙarin ruwa da ke hannunsa. "Mi ya hwaru? Inna ta rasu ne?"

Ka ji ɗan banza. Shi a ganinsa ba abin da zai sa sunansa ya fito daga bakin nan sai mutuwata. Nan take muryata ta dawo, na ce ta taga, "Uwaka ce ta rasu! Ina nan, sai na ga jikokinka!" Har waɗanda aka naɗe wa baki sai da gadonsu ya girgiza.

Atika ba ta ƙarasa gadon ba. Ta tsaya daga nesa ta dube shi tun daga kai har ƙafar da ke rataye, ta juya ta fito, ta sa takalmanta. Ta ce da ni, idonta a ƙasa, "Shina ciki. Ki shiga, ke shika nema." Saja ne ya riƙe ni har bakin gadon. Ƙafa ta karye wuri biyu, wuta ta ci gefen fuska da kunne, wayarsa ta ƙone a motar. Da na tambaye shi abokan tafiyarsa sai ya juya fuska bango.

Muna komawa gida ko hijabi ba ta cire ba ta zura zare. Na ce ta huta, Maigandi ya nemi wani telan. Ta ce, "Su ma da masu jiransu, Yaya." Ta gama su duka kafin magariba, ta goge kowace da dutsen guga, ta ninke farin a ciki don kada ya ɗauki datti. Ban taɓa ganin ta yi layi mai kyan na ranar ba. Maigandi ya zo ya ɗauka, bai iya haɗa ido da kowa ba.

Yanzu Mu'azu na gida, a ɗakin da ke kusa da zaure. Yakan tsokane ta, ya ce, "Adda, wai ya sunana? Na manta." Sai ta dube ni ta ce, "Yaya, ki ce ma wancan tuwonshi na hucewa." Ba ta sake faɗa ba, kuma na san ba za ta sake ba sai in an koma irin waccan ranar, Allah kada ya maimaita.

Makon jiya muka kai shi a duba ƙafar. Likita ya ɗaga hoton ƙashin yana murmushi, ya ce ya haɗe da kyau, yaro ne mai ƙarfi, in ya ci gaba haka ba da daɗewa ba zai koma bakin aiki a daji. Mu'azu ya yi ta godiya. Maƙwabta suka shigo barka, Atika ta amsa wa kowa da amin. Yau da safe ya ajiye ɗaya daga sandunan da yake dogarawa, ya taka daga zaure har bakin rijiya da guda, yana kiran in fito in gani. Na fito. Atika na kan keke, ta tsayar da ƙafarta, tana kallon yadda yake takawa. Kowane taku ya fi na baya ƙarfi, ita kuma fuskarta na ƙara yin fari.